Wushiryar da Ta Gode wa Gwamna

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan gwiwar nan ta sarara miki, kuma shago yana tafiya yadda ake so. Ki gaida mini matan nan biyu da ke taya ki ɗinki, da maƙwabcinki mai gyaran takalma. Ni lafiya ƙalau, sai 'yar mura da na kwasa a wurin wani darakta da ya yi mini atishawa tun daga hawa na biyu har na biyar.

Tunda kunnenki ba ya ɗaukar waya, ni kuma a cikin lifta nake wuni inda ba sabis, ga takarda ta hannun direba kamar yadda muka saba.

Goggo, Gwamna ya hau liftata. Ranar Litinin tasa ta musamman ta lalace, sai ga shi da mutum tara a bayansa. Lifta ta yi ƙarar nauyi, aka dubi juna, aka fitar da wanda ya fi kowa ƙaramin muƙami. Daga ƙasa zuwa hawa na bakwai minti ɗaya ne da 'yan kai, amma a cikin wannan mintin Gwamna ya rage wa ma'aikatan jihar nan harajin albashi, ya gyara tsarin haraji gaba ɗaya, ya kuma tambaya ko an kai masa shayi ofis. Ya ce kuɗin ma'aikaci a aljihun ma'aikaci ya fi kyau, kuma a kan wannan ba zai ja da baya ba ko taku ɗaya. Kowa ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Ni murmushi kawai na yi.

To, kin san wushiryata. Matar da ke kula da yaɗa labaran Gwamna ta tsaya tana kallon bakina har ƙofa ta kusa matse ta. Ta ce, "Wata biyu ke nan ina neman wannan bakin." Ranar Laraba aka kai ni wani ɗaki mai fitilu, aka yi ta canza mini kaya ana ɗaukar hoto. Sun ba ni takarda mai shafi huɗu na sa hannu. Na duba na ga sun rubuta sunana daidai, sauran ban tsaya karantawa ba.

Ba zan faɗi abin da za a yi da hotunan ba. Ki dai riƙa ɗaga kai in kina tafiya a titi.

Ɗanki,
Mai Wushirya

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso bayan mako uku, don direba ya manta da ita a ƙarƙashin kujera, ta zo da tambarin takalmin wani. Gwiwa da sauƙi. Ina fatan murar darakta ta sake ka.

Ba sai na ɗaga kai ba. A tsallaken titi suka kafa ka, daidai ƙofar shagona, tsawonka ya kai bene. Ka sha kwat da laktaye, ka rungume fayil, wushiryar nan kuwa akuya za ta wuce ta cikinta ba ta goga ba. A ƙasa an rubuta, "Albashina ya ƙaru. Na gode, Mai Girma Gwamna." Ranar farko na fito da kujera waje na zauna, duk wanda ya wuce sai na nuna masa na ce ni na raini wancan. Direba ya ce a hanya ya gan ka sau huɗu: a wani gari kai injiniya ne da hular kwano, a wani malamin makaranta da alli, a gaba kana riƙe da fartanya, a kusa da asibiti kuma ka rataya abin awon ƙirji. Na ce masa dama tun kana yaro ba ka zama wuri ɗaya.

Daɗin bai kai mako ba. Ranar Alhamis wasu ma'aikatan haraji biyu rataye da jaka suka bi layin teloli shago shago suna ƙirga kekunan ɗinki. Wai ramin da ragin harajinku ya bari, da mu za a cike shi: kowane keke da harajinsa. Telan da ke kusa da famfo ya lulluɓe nasa biyu da zane ya ɗora musu tukunyar fure, ya ce tebura ne. Ni ban yi saurin dabara ba, huɗun nan duk sun shiga takarda, har da wanda ba ya aiki tun rasuwar mahaifinka.

Yanzu duk layin nan in an fito daga shago kai ake fara gani kana dariya. Wanda zai gaishe ni sai ya dubi allo tukuna, sannan ya dube ni. Suna cewa ɗan Goggo ya ci, mu ake matsa.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ka san ɗinkin kayan 'yan makaranta da ake ba ƙungiyarmu ta teloli duk shekara a raba, shi ke riƙe shagon nan, sauran duk ƙari ne. Shugabar ƙungiya, wadda ni na koya mata zura zare a allura, ta tashi a taro ta ce gidan da Gwamna ya ƙara wa albashi ba ya buƙatar kaso. Aka yi tafi. Saura mako shida a raba yadi. In ban samu ba, sai in sallami matan nan biyu in rufe.

Saboda haka gaya mini gaskiya, nawa aka ƙara maka? In da yawa ne, to Allah ya sa albarka, sai in san da abin da zan kare kaina. In kuma ba wani abin kirki ba ne, ka rubuto wa ƙungiya takarda da hannunka, a karanta a taro.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Bayan gaisuwa da tambayar gwiwa. Mura ta tafi, amma tun da na karanta takardarki abinci ba ya wuce mini da daɗi.

Goggo, ko sisi ba a ƙara mini ba. Na je wurin mai biyan albashi na tambaya, ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce albashina bai kai inda ake fara cire haraji ba. Shekara tara ina aiki, ashe ban taɓa biyan harajin albashi ba, balle a rage mini. Ya ce a ginin nan waɗanda ragin ya taɓa sosai su ne masu sauka a hawa na shida da na bakwai. Maganar da ke ƙarƙashin hoton ma ba ni na faɗa ba. Lokacin da aka ɗauke shi, mai hoto ne ya yi tuntuɓe da wayar fitila, shi nake yi wa dariya.

Sai dai ba zan iya rubuto wa ƙungiya ba. Na nemo takardar nan mai shafi huɗu na karanta, yanzu kam har ƙarshe. Shafi na uku ya ce in na faɗi wani abu da ya saɓa wa allon, a baki ko a rubuce, a bakin aikina. Na je wurin matar yaɗa labarai na roƙe ta a ɗauke na ƙofar shagonki kawai, a mayar da shi ko bakin tasha. Ta ce wurin nan an zaɓe shi ne saboda yawan jama'a. Ta kuma ce in riƙa goge haƙora da kyau, don za a sake nemana.

Ki ɗan yi haƙuri, wataƙila abin ya warware da kansa, domin matsayin Gwamna ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Da kunnena nake ji. Makon jiya ya gaya wa ma'aikata ragi ya zauna daram. Da manyan 'yan kasuwa suka zo, ya ce shi bai taɓa cewa ragi ba, gyara ya ce, kuma gyara yana iya hawa yana iya sauka. Shekaranjiya Kwamishinan Kuɗi ya shiga liftata a hawa na biyu yana goyon bayan harajin kekuna, aka miƙo masa wata 'yar takarda a na huɗu, ya fita a na shida yana cewa dama shi tun farko bai so ba. An ce za a kafa kwamiti.

Na ji kunya ƙwarai, Goggo. Don Allah wannan takardar ta tsaya tsakanina da ke.

Ɗanki

*

Kai,

Lafiya lau muke, tunda ka tambaya.

Kwamiti? Kwamitin zai zo ya biya matan nan ladan aikinsu? Saura mako uku a raba yadi, kai kana can kana hawa kana sauka kana sauraron manya, ni ina nan ana nuna ni da baki. Ashe dariyar tuntuɓen wani ce ta hana ni cin abinci a layin da na shekara talatin.

Tun kana shekara shida aka kawo mini kai da 'yar jakarka. A ƙarƙashin teburin yanka ka yi karatunka, da kekunan nan aka sayi littattafanka. Ban taɓa goranta maka ba, yau ma ba gori nake ba, tuni ne. Layi biyu na roƙa, ka aiko mini da shafi biyu na bayanin abin da ya sa ba za ka rubuta layi biyun ba.

Jiya wani ya jefi hotonka da laka, ta manne a kumatunka na hagu. Ka san abin haushin? Ni ce na ari tsanin mai gyaran takalma, da gwiwar nan tawa, na hau da tsumma a bakin sanda ina gogewa, ina zagin wanda ya jefa, ina zaginka, duk a lokaci ɗaya. Rabin layi suka fito kallo.

Ka riƙe liftarka. Na sa a nemo mini mai sayen keke.

Goggo

*

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kana cin abinci. Kwana goma ke nan da na aika maka waccan takardar, shiru. Na je tasha aka ce motar direba tana gareji an sauke injinta, shi kuma yana zaune a kan benci yana ba makanikai shawara. Saboda haka ban sani ba ko fushi kake yi, ko amsarka tana aljihunsa. Wannan zan ba shi ita ya riƙe har motar ta tashi.

Waccan takardar da zafi na rubuta ta. Ka yage ta.

Bari in gaya maka abin da ya faru ranar Asabar. An yi taron ƙungiya, na tafi da takardarka a cikin jakata, wadda ka ce ta tsaya tsakaninmu. Niyyata in tashi in karanta musu wurin da ka ce ko sisi, kowa ya ji, a wuce wurin. Shugaba tana ta bayani a kan masu cin moriyar gwamnati, tana kallon silin, kowa kuma yana kallona. Na sa hannu a jaka har na taɓa takardar. Sai na tuna ranar da ka fara aikin nan, da ka zo mini da rigar ma'aikata ta yi maka yawa, na rage maka hannuwa kana tsaye kana rawar ƙafa don murna. Na fito da hannuna da goro... a'a, da alewar tari na fito, na jefa a baki ina tsotsa har aka tashi, takardar tana cikin jaka.

Na yi tunani na gama. Shago nawa ne, na ci zamaninsa. Zan sayar da kekuna biyu, matan nan na yi musu magana da wani tela a bayan kasuwa zai ɗauke su, ni kuma in riƙa facin wando da rage siket, ba zan mutu da yunwa ba. Kai kuwa aikin nan shi ke gare ka, kuma ba a samun irinsa a bakin titi. Kada ka rubuta wa kowa komai. Kada ka buɗe baki, sai dai in murmushin za su sake nema, shi kam ka ba su.

Ina kewarka, wannan ita ce gaskiyar. Kullum ina ganin fuskarka amma ba ta amsa gaisuwa.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma kin mayar wa mai gyaran takalma tsaninsa ba za ki sake ara ba. Ni lafiyata ƙalau. Ina da lokacin hutu sosai yanzu, zan zo kan wannan.

Takardarki mai zafi ta same ni tun kafin motar direba ta lalace. Na karanta ta a cikin lifta, na wuce da wani babban sakatare hawansa sau biyu. Ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Maganar tsanin nan ita ta tsaya mini a rai.

Ranar Juma'a aka yi taron cika kwana ɗari da ragin haraji, a babban zaure, ana watsawa kai tsaye a rediyo. Aka sake sa mini kwat ɗin nan, aka ba ni 'yar takarda mai layi uku in karanta bayan jawabin Gwamna. Ya yi minti arba'in. Ya ce ragi alheri ne, ya ce harajin kekuna adalci ne, ya ce kuma yana nazarin duka biyun. Sannan aka kira "ma'aikacin da kowa ya san fuskarsa," aka yi ta tafi, na hau.

Na dubi takardar, layin farko shi ne na allon. Goggo, bakina ya ƙi. Sai na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, ni mai lifta ne. Ni ba injiniya ba ne, ban taɓa koyarwa ba, abin awon ƙirjin nan ma a juye na rataya shi. Albashina bai kai a cire masa haraji ba, saboda haka ba a ƙara mini komai ba. Wadda ta raine ni tela ce, kekunanta huɗu, ɗaya ba ya aiki, duk an sa musu haraji, kuma saboda hotona an hana ta ɗinkin 'yan makaranta. Shi ke nan abin da na sani game da haraji."

Matar yaɗa labarai tana yi wa mai rediyo alama da hannu a wuya, shi kuma ya ɗauka ruwa take nema, ya aika mata da gora.

Sai Gwamna ya tashi. Na ce yau kwanana ya ƙare. Ya zo ya rungume ni, ya karɓe abin magana, ya ce, "Jama'a, kun ji? Abin da nake ta faɗa ke nan tun ranar farko. Ragin da bai kai ga ƙaramin ma'aikaci ba, ba ragi ba ne. Kuma wane ne ya kawo shawarar sa wa keken ɗinki haraji?" Ya juya yana duban kwamishinoni, su kuma kowa ya juya yana duban na bayansa, na ƙarshe ya dubi bango. Nan take ya dakatar da harajin kekuna. Aka yi tafin da ya fi na farko. Ya riƙe hannuna sama aka ɗauki hoto, ina jin wannan ma za ki gan shi a titi.

Ranar Litinin na zo aiki na tarar da wani a kan kujerata a cikin lifta. Ya tambaye ni hawa na nawa. Na ce na uku, ofishin ma'aikata, ya kai ni, kuma ba laifi ya iya tsayawa daidai. A can aka ba ni takardar sallama, an manna mata shafi na uku an ja layi a ƙarƙashi da jan biro.

Ranar Talata direba ya kawo mini takardarki ta ƙarshe, yana ba da haƙuri wai injin ne. Na karanta inda kika ce kada in buɗe baki. Na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo, daga baya kuma ba dariya nake ba.

Kada ki sayar da kekunan. Ban yi nadama ba, sai dai in na ji ƙarar ƙofar lifta a wani gini, hannuna yana motsawa da kansa. Ki gaya mini ko an ji a can.

Ɗanki

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Gwiwa lafiya, tsani ya koma ga mai shi.

An ji. Ni kaɗai ce ban ji ba a duk layin, saboda kunnen nan. Ina cikin shago ina rage wani siket sai na ga mutane sun cika ƙofa, mai gyaran takalma a gaba da rediyo a hannu yana ta nuna mini ita kamar zan ga maganar a jiki. Sai da matan nan suka maimaita mini a kunne, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowacce da nata ƙarin. A wajen ta hagu har kama rigar Gwamna ka yi.

Telan kusa da famfo ya sauke tukwanen fure daga kan kekunansa. Wanda ya jefe ka da laka ya zo da kansa ya faɗa, ya kawo wando biyu a yi masa faci. Ranar Lahadi kuma sai ga Shugaba da mota, ta sauke mini yadi bandir goma sha biyu, kason da ban taɓa samu ba tunda aka kafa ƙungiya. Ta ce dama ita tun farko ta san yaron nan ɗan halak ne. Na ce mata ta yi takarar gwamna, ta cancanta. Ba ta gane ba, ta yi godiya.

Ranar nan na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka rungumar da aka ce Gwamna ya yi maka ita ce ƙarshen magana. Sai jiya takardarka ta zo.

Shekara tara, ɗana. Ni na ture ka da bakina, na dawo ina kiran ka lokacin da ka riga ka faɗa. Ba laifin direba ba ne, ba na injin ba. Yadin yana nan jingine da bango tun safe, matan nan suna jira in yanka, na ɗauki almakashi sau uku ina ajiyewa. Zan yanka, don yaran mutane ba za su je makaranta ba riga ba, kuma don kada abin da ka yi ya tafi a banza. Amma da an tambaye ni, da ban saye shi da wannan tsadar ba.

Na kwashe ragowar yaduka daga ɗakin baya, na sa an gyara tagar. Aiki ya fi ƙarfin mu uku, kuma ko ba aiki, ɗakin naka ne. Kada ka tsaya rubuto mini bayani. Na gaya wa direba ranar Alhamis kada ya karɓi takarda daga hannunka, ya buɗe maka ƙofar gaba ka shigo da jakarka.

Goggonka